Bayin da na yi wa Mma a ɗakin ƙasa, da fayif ɗin da na soke daga lissafi

Gidanmu na Aboabo a kan gangara yake, duk wanda ya san Kumasi ya san yadda ƙasar take, nan tudu can kwari. In ka shigo ta bakin titi bene mai hawa ɗaya kawai za ka gani, amma ta baya akwai ɗakuna biyu a ƙasa waɗanda bangonsu na gaba a cikin ƙasa yake binne, tun zamanin marigayi Baba nan ake jibge tarkace, tsofaffin katifu da buhunan gawayi da manyan tukwanen biki. To da gwiwoyin Mma suka matsa mata, hawa matakala ya zame mata aiki, ita da kanta tace a gyara mata ɗaya ta koma ciki, tunda ƙofarsa tsakar gida ta baya take kallo inda mata suke girki, ba hawa ba sauka. Abu ɗaya ya rage, bayi. Ba zai yiwu tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya ta riƙa jan ƙafa da asuba da buta a hannu tana hawa sama ba.

Abin da na fara tsoro shi ne ko ruwan zai iya gangarawa da kansa zuwa manhol, wato ramin mai murfi da ruwan bayin gida yake zuba a ciki, don an ce min in daɓen bayi ya fi bakin manhol ƙasa to sai an sa injin turawa, ni kuma da dumso ɗin nan, wato yawan ɗauke wuta, ban son abin da in wuta ta ɗauke bayi ya tsaya. Magini ya zo da tiyo ɗinsa mai haske ya cika shi da ruwa, yaronsa ya riƙe baki ɗaya a jikin bangon ɗakin shi ya riƙe ɗayan a bakin manhol, aka ja layi da gawayi. Nisa mita 12, kuma bakin manhol yana ƙasa da daɓen ɗakin da kusan santimita 60. Ana buƙatar gangara kamar santimita 2 a kowace mita, kenan 24 ma ta isa. Nace alhamdulillahi, gangarar da take wahalar da mu da damina yau ta yi mana rana.

Sai wani abokina ya haɗa ni da wani saurayi mai aikin famfo. Ba zan ɗora masa laifin duka ba don wallahi ya rubuta abin a lissafinsa. Yana karanto min, fayif inci 4 kaza, inci 2 kaza, elbo wato gwiwar fayif, ti wato mahaɗa mai siffar T, gam, sai naga inci 2 ɗin ya yi yawa, nace wannan dogon na ina ne? Yace Yaya na iska ne, zai hau bango har sama. Nace ruwa zai bi ta ciki? Yace a'a. Nace to cire shi. Lokacin kuɗin tayil da siminti sun riga sun cinye ni, kuma a kaina fayif ɗin da ruwa ba ya bi ado ne kawai. Shi ma bai ja ba, yace ba matsala Yaya, gidaje da yawa ba su da shi. Kuma gaskiya ne da yawa ba su da shi, abin da bai faɗa ba shi ne yadda mutanen gidajen suke zaune da warin.

Aiki ya yi kyau a ido. Farin tayil, masai na zama, besin, shawa, har ƙarfen riƙewa na sa mata a bango. Mma ta sa albarka har da hawaye.

Sati na farko lafiya. A na biyu matata tace min in an kora ruwa a bayin sama tana jin na Mma yana ɓulɓul kamar ana zuba ruwa daga tulu. Na je na tsaya nace wani yaro ya hau ya kora, sai ga kumfa tana tasowa a cikin masan, ruwan ya ɗan hau ya sauka. Ban ɗauka da zafi ba. Sannan wari ya fara, ba kullum ba, ya fi da daddare da kuma in za a yi ruwa, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Muka zuba omo, muka zuba maganin wanke bayi kala kala, yara mata suka goge ko ina har bayan masai, kwana ɗaya ya dawo. Mma ba ta taɓa buɗe baki tace komai ba, sai dai na lura kaskon turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakinta, safe da yamma.

Ranar da abin ya shige ni wata asuba ce a watan Yuni, an kwana ana ruwa. Na sauko zan wuce masallaci sai na ganta a barandar waje, ta shimfiɗa sallayarta a kan siminti mai sanyi ta jawo kujerar robar da take sallah a kai, mayafinta duk feshin ruwa ya jiƙa gefe ɗaya. Nace Mma lafiya kike waje? Tace Babana ba komai, iska nake sha. Na tura ƙofar ɗakin, abin da ya buge ni a hanci ya isa amsa. Wato kwana nawa tana haka ban sani ba, ta gwammace sanyi da ta gaya min aikin da na kashe kuɗi a kai bai yi ba. Ranar ko sallar kirki ban yi ba, hankalina yana kan barandar.

Bayan sallah na tare wani dattijo da muke sahu ɗaya, tsohon mai aikin famfo ne, kowa Masta yake ce masa, ya daɗe yana yi a gine ginen gwamnati kafin ya dawo yana ɗan taɓa na unguwa. Nace Masta don Allah ku zo ku duba min wani abu. Ƙarfe tara ya zo da yaronsa ɗaya da tocila, ko akwatin kayan aiki bai ɗauko ba.

Bai fara da bayin ba, sai da ya zaga bayan gida ya ɗaga kai yana bin babban fayif ɗin da ya sauko daga bayin sama da na tsakiya da ido. Yace ka gani? Nace me? Yace ina kansa? Ashe a saman, inda bayin bene ya shigo, elbo kawai aka sa aka rufe zance, fayif ɗin bai zarce sama ya fita iska ba. Shekara da shekaru haka yake. Sannan ya nuna min wani ɗan guntun fayif a kan manhol, tsayinsa bai kai ƙuguna ba, kuma taku huɗu ne tsakaninsa da tagar Mma. Ya girgiza kai kawai.

Da muka shiga ciki ya tsugunna ya cire murfin magudanar shawa ya haska, yace leƙa. Na leƙa, a bushe ƙayau, ɗan kofin da ke ciki ko danshi babu. Ya zuba ruwa buta ɗaya har kofin ya cika, yace yaronsa ya kora masai. Ina kallo da idona ruwan nan ya yi rawa ya yi wani fuuut ya shige, kofin ya koma fanko. Yace to ga ƙofarka nan a buɗe, daga nan har cikin manhol babu abin da ya tare.

Nan ya zaunar da ni a kan bokiti ya yi min karatu, kuma shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutun don ni da shekaruna ban san shi ba. Yace duk wani abu da ruwa ke fita ta cikinsa, masai ne, besin ne, shawa ce, a ƙarƙashinsa akwai lanƙwasa da ake ce wa tirap, aikinta ta riƙe ɗan ruwa kamar santimita 5. Ɗan ruwan nan shi kaɗai ne murfi tsakanin ɗakinka da iskar manhol. Ruwan da kake gani kwance a cikin masai ba na wanki ba ne, murfi ne. To in ruwa mai yawa ya taho a guje cikin fayif yana cika shi, yana tura iskar da ke gabansa, yana kuma jan ta bayansa. Yace ka taɓa zuƙo fetur daga tanki da tiyo? Nace sosai. Yace to haka masan Mma yake zuƙe ruwan shawa duk sanda aka kora, don iskar da zai ja ba ta da wata hanya sai ta nan. Kumfar kuma da kake gani, wannan turi ne, ruwan bene ya faɗo daga hawa biyu ya daki gwiwar ƙasa ya matse iskar wajen, ita kuma ta nemi mafita mafi kusa, kuma yaron naka a gindin gwiwar ya haɗa bayin. Shi ya sa bayin ƙasa ya fi kowanne shan wahala, duk abin da na sama suka yi a kansa yake ƙarewa. Yace gida ma numfashi yake, kun yi masa ciki kun hana shi hanci.

Har ya tuna min da KVIP, masan ramin nan mai fayif ɗin iska, yace kai ɗan Kumasi ne, harafin farko na sunan ma garinku ne, a jami'ar Tek aka fito da shi tun shekarun 1970, kuma duk dabarar a dogon fayif ɗin nan take mai raga a kai, iska ta bi ta sama ta ja warin ta fitar, ƙudaje su bi haske su maƙale. Yace masan rami ma an san sai da hanci, balle na ruwa.

Nace to yanzu mene ne abin yi, ni dai kar a fasa tayil. Yace za a fasa, amma kaɗan.

Da na je shagon kayan famfo a cikin gari mai shagon ya nuna min wani ɗan abu kamar murfin kwalba, yace bawul ne na iska, ka ɗaura a ƙarƙashin besin shikenan ba sai ka ja fayif har rufi ba. Raina ya biya, na kira Masta a waya daga nan. Yace abin yana aiki ba ƙarya ba ne, amma shigar da iska kawai yake yi, ba ya fitarwa, in an zuƙa ya buɗe in an tura ya rufe. Matsalarka biyu ce, zuƙa da turi, shi rabi zai magance. Kuma ko inda ake sa shi sai gidan yana da aƙalla fayif ɗaya buɗaɗɗe da ya fita sama, kai kuwa ko ɗaya ba ka da shi, ga roba ce a ciki tana tsufa, ba a binne shi a bango. Na ajiye wa mai shago kayansa na sayi fayif. Kuɗin duka fayif ɗin inci 2 da kilif da elbo bai kai abin da na riga na kashe a turare da magungunan wanke bayi da tayil ɗin da za a sake ba, wannan lissafin har yau yana min ciwo.

Kwana uku aka yi. Ranar farko waje aka yi aiki, aka cire elbon saman babban fayif aka sa ti, aka zarce da shi da faɗinsa na inci 4 har ya wuce bakin kwano. Masta yace in fayif yana kusa da taga, ƙasa da mita 3, to sai kansa ya wuce saman tagar da santimita 90, in ba haka ba ka kwashe wari daga ɗakin uwarka ka kai ɗakin ƙaninka. Aka tone inda bayin Mma ya haɗu da babban layi aka matsar da mahaɗar gaba, yace aƙalla faɗin fayif sau 10 daga gwiwa, wato kamar mita 1, mu mun ba shi mita ɗaya da rabi tunda akwai fili, kuma da mahaɗa mai siffar Y aka haɗa ba ti ba don ruwan ya shiga a karkace yana bin hanya.

Wani abu da ya faru ranar ba zan manta ba. An ɗaga murfin manhol don a ga bakin shiga, yaron Masta ya sunkuya zai tura kai ciki, dattijon nan ya fizgo rigarsa ta baya da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Yace iskar cikin nan tana kashe mutum, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin warinta yake yi, sai ka ɗauka lafiya. Ya kori wani maƙwabci da ya matso da sigari a hannu, yace akwai mai kama wuta a ciki. Aka bar shi a buɗe muka ja baya, da madubi da tocila ya duba daga nesa.

Rana ta biyu ita ce ta cikin bayi, kuma nan ne naga bambancin wanda ya iya da wanda yake kwaikwayo. An fasa layin tayil biyu. Besin ɗin da can wata lanƙwasasshiyar roba ce ta sauka kai tsaye cikin daɓe, Masta ya cire ta ya sa tirap na sosai wanda yake fita ta gefe ya shiga bango, a nan ya sa ti a tsaye, ƙasa ruwa ya sauka, sama iska ta hau. Fayif ɗin da ya sauka daga besin ya mayar da shi inci 2 ya kai shi ya haɗu da layin masai, shawa ma ta shigo ta jikinsa, yace ta haka fayif ɗaya zai ba su iska su uku tunda ruwan besin kaɗan ne ba ya cika shi. Ya auna daga tirap ɗin shawa zuwa mahaɗar, yace kar ya wuce mita ɗaya da rabi, in ya yi nisa gangarar kanta za ta sa bakin iskar ya koma ƙasa da ruwan tirap, zuƙa ta dawo. Magudanar shawa mai ɗan kofi kuwa jefar da ita ya yi, aka sa mai zurfi.

Inda muka ɗan yi gardama shi ne wajen fitar da fayif ɗin iskar. Ni naga ga bango nan, a huda daga ƙasa kusa da daɓe a fita, ba sai an tsaga bango har sama ba. Yace a'a, sai ya hau a miƙe ya wuce bakin besin da santimita 15 kafin ya kwanta. Dalili, duk ranar da layi ya toshe ruwa ya taru, in fayif ɗin iska a kwance yake a ƙasa ƙazanta za ta shiga ta zauna a ciki, kuma babu ruwan da ke bi ya wanke shi, ya toshe kenan ba ka sani ba. Ko ɗan guntun da ya ratsa bango ma sai da ya ba shi 'yar gangara ta komawa ciki, don ruwan sama ko raɓar da ta shiga ta samu hanyar sauka. Sannan nace to a haɗa shi da babban fayif a nan waje mana, ga shi kusa. Ya kalle ni yace ruwan bayi biyu ne ke saukowa ta nan, kana so ya shiga hancin? In za a haɗa sai can sama da bayin bene, in ba haka ba ya tafi hanyarsa. Hanyarsa ya tafi, tsawon fayif biyu a jikin bango da kilif, yaron yana kan tsani ni ina riƙe da ƙafar tsanin.

Rana ta uku aka cire guntun kan manhol aka ja shi ta jikin katanga aka ɗaga shi sama nesa da taga, aka ɗaura raga a kan duka ukun saboda sauro, don manhol gidan sauro ne in suka samu ƙofa, ga kyankyasai ga ƙadangaru. Masta yace in riƙa dubawa duk shekara, ƙura da yanar gizo suna like ragar.

Bai yarda a mayar da tayil ba sai da aka gwada. Ya cika kowane tirap, ya tsoma tsinken tsintsiya a na shawa ya yi alama da farce inda ruwa ya tsaya. Ya tura yara biyu sama, ɗaya bene ɗaya tsakiya, yace in na yi kira ku kora tare, ni kuma na kora na Mma, yaronsa ya juye bokiti a besin duk lokaci ɗaya. Muka yi shiru muna saurare. Ruwa ya wuce ta ƙarƙashin ƙafarmu, ba ɓulɓul ba kumfa. Ya sake tsoma tsinken, ruwan yana nan a kan alamar. Sau uku aka maimaita. Ya kuma jiƙa bula a bokiti ya zuba, muka je manhol muka ga shuɗin ya iso, ba inda ya tsattsafo a hanya. Sai a lokacin yace a kira mai tayil.

Mma tana zaune a tsakar gida duk kwanakin nan tana kallo tana jan carbi. Da Masta zai tafi ta sa aka kawo masa goro da kwanon waake, tace Malam Allah ya yi wa zuri'a albarka. Yace Hajiya ku yafe mana, ɗanku ya yi niyyar alheri. Kwana biyu bayan nan na sauko da asuba barandar ba kowa, fitilar ɗakinta a kunne, ina jin karatunta ƙasa ƙasa ta bayan ƙofa.

Maƙwabcinmu na gangare da ya zo ganin aikin, nasa ɗakin ya fi manhol ɗinsa ƙasa, dole sai da tanki da injin turawa. Na haɗa shi da Masta, kuma naji yana gaya masa tankin ma sai an rufe shi ruf an ba shi nasa fayif ɗin iskar har sama, wancan ɗan bawul ɗin ba ya yi a nan ko kaɗan, don duk ruwan da ya shiga tanki sai iska ta fita ta ba shi wuri.

Sau ɗaya warin ya dawo. Cikin hunturu ne, watan Janairu, Mma ta je Tamale wajen ƙanwarta ta yi kusan wata guda, ɗakin a kulle. Ana gobe za ta dawo matata ta buɗe don shara ta kira ni tace ga shi fa kaɗan kaɗan. Gabana ya faɗi, na kira Masta. Yace haska magudanar shawa. Na haska, ta bushe, iskar hunturu ta shanye ruwan tunda ba mai amfani da shi. Yace zuba buta ɗaya, ka kora masai, ka buɗe besin minti ɗaya, ka buɗe taga. Nan gaba in za ta yi doguwar tafiya ka ɗiga cokali ɗaya na man girki a kan ruwan, yana rage bushewa. Na zuba, muka bar tagar a buɗe har la'asar, matata ta shimfiɗa sabon zanin gado ta mayar da sallayar inda take zama a gefen gabas.